Buhunan Saman Mota

Har yau ranar Talatar nan ba ta fita raina ba, ranar da motarmu ta farko ta shigo New Bell, unguwarmu a Douala, bayan mun fita daga Haɗaka. Ku da kuka shigo ƙungiyar nan daga baya kun tarar muna ɗaukar motocinmu da kanmu, kuna zaton haka abin yake tun asali. Ba haka yake ba. Sai da aka sha fama, kuma ni ne na fi kowa ɗaga murya a kan a fita. Ina faɗa da bakina, ba na jin kunya, domin ko yau aka sake kawo maganar hannuna zai riga na kowa tashi.

A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar 'yan albasa. Ba don na fi kowa sanin albasa aka ba ni ba. Na ɗan yi boko ne, ina iya rubuta wasiƙa da Faransanci a kai ofis ba a yi mana dariya ba. A nan unguwar aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina da fataucin goro. Sama da ni akwai Sarkin Albasa, marigayi Alhaji Garba, shi ke faɗin farashin safe, shi ke raba rigima. Ni nawa takarda da hatimi, da zuwa duk inda ake buƙatar mai baki.

Haɗaka kuwa taron ƙungiyoyi huɗu ce: mu, da 'yan gyaɗa, da masu sabulu da manja, da masu gishiri na Bonabéri. Mu da 'yan gyaɗa kayanmu daga arewa suke gangarowa, su kuma nasu daga nan suke haurawa. Dabarar ita ce kada mota ta tafi wayam, kada ta dawo wayam. Layi ɗaya ake bi, akwai rumfa a bakin gari, wurin da ake kira PK 14, inda kowace mota ke tsayawa a rubuta ta, kuma kowace ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare ta, ko kayanta sun cika mota goma ko rabin mota. Shugaban Haɗaka wani dattijo ne mai sabulu, Pa Simo, mutumin kirki ƙwarai, sai dai kafin ya yanke shawara kai ka yi aski ka sake tara gashi.

Shekaru masu yawa tsarin ya yi mana amfani, ba zan ɓoye ba. Sai aka shiga shekarun matsi. Aka rage wa ma'aikata albashi, kamfanoni suka riƙa rufewa, daga baya aka karya darajar sefa. Taya da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, motoci da yawa aka ɗora su kan duwatsu. 'Yan da suka rage ba sa barin Douala sai sun cika da gishiri da sabulu, ga shi mutane sun rage sayen sabulu. Ka ga ke nan albasarmu tana can jibge a Marwa tana jiran sabulun Pa Simo ya cika mota. Gyaɗa tana iya jira, gishiri yana iya jira. Albasa kuwa kafin ta iso, warinta ya riga ta shigowa kasuwa, sai mu buɗe buhu mu zubar da kashi ɗaya cikin uku.

Sau uku ina rubuta wa Haɗaka cewa a fifita kayan da ke ruɓewa a layi. Sau uku ana ƙuri'a, uku da ɗaya. A na ƙarshe Pa Simo ya dafa kafaɗata ya ce, “Monsieur le secrétaire, la règle c'est la règle. Layi layi ne.”

Na ce, “Pa, gishirin nan jikokinku ma za su iya sayar da shi. Albasarmu ba ta kai Juma'a.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Daga rumfar nan na wuce gidan Sarki na ce masa, “Ranka ya daɗe, mu fita.”

An kira taro ranar Lahadi bayan la'asar a tsakar gidan Alhaji Garba. Masu tsoron fita sun kawo hujjoji, kuma ba hujjojin banza ba ne. Suka ce idan muka fita, da me motarmu za ta koma arewa, ko mu ne za mu biya tafiyar wayam? Suka ce za a hana mu rumfar PK 14. Suka ce masu saye daga Gabon ta hannun Haɗaka suke zuwa. Ni kuwa ban shiga taron nan hannu rabbana ba. Na riga na zaga, na sami masu mota uku da suka yarda su yi aiki da mu kaɗai. Na sami wani mai katako da wani mai kwanon rufi da ke neman wanda zai haura musu da kaya. Rumfa kuwa na ce albasa ba hutu take nema a hanya ba. Mutanen Gabon kuma, na ce musu ba Pa Simo suke so ba, albasa mai kyau suke so, duk inda take hancinsu zai kai su. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye nesa ba kusa ba.

Ina fitowa, kaina ya kumbura da yabo, sai na tarar da Goggo Asabe a bakin ƙofa. Ƙawar mahaifiyata ce, ta goya ni ina jariri. Tana da tebur kusa da ƙofar kasuwa inda take kasa albasa kashi-kashi tun kafin in san hannun damana. Ita da mata irinta ba 'yan ƙungiya ba ne, ba su da kati, ba sa shiga taro.

Ta ce, “Ɗan Hajara, an ce kun fita. To, saman mota fa?”

Na ce, “Goggo, komai yana cikin takarda, kada ki damu.” Na wuce, ana kirana ta ko'ina.

Ga abin da take nufi. Idan aka loda buhunan 'yan ƙungiya suka kai bakin bodi, akwai sahu guda da ke saura a ƙarƙashin tamfol. Tun kafin a haife ni wannan sahun na masu ƙaramin ƙarfi ne. 'Yan'uwan matan nan da ke ƙauyukan Marwa sai su kawo buhu biyu ko uku bakin mota, su ɗaura ƙyalle a bakin kowane buhu, kowace mace da launinta. Direba ya jefa su sama, a ba shi ɗan goro da addu'a, shi ke nan. Ba a rubuce yake a ko'ina ba. Shekara da shekaru ina ganin ana sauke buhuna masu ƙyalle, amma da yake ba sa shiga littafina, idona wucewa yake yi ta kansu.

Da na zauna rubuta yarjejeniya da masu mota, sai na sa cewa mota dukkanta, daga ƙasa har tamfol, ta ƙungiya ce. Na yi alfahari da layin nan ƙwarai, domin ƙarin sahun ne ya rufe mana tsadar haya. Aka raba wurin ga 'yan ƙungiya na tsawon wata uku, kowa ya aika arewa a saya masa gwargwadon rabonsa. Manyan 'yan kasuwa suka riƙa cewa yaron nan boko bai tashi a banza ba.

To, ranar Talatar. Da hantsi mota ta shigo, kwana shida kacal da lodi. Aka yaye tamfol, aka yanka bakin buhun farko. Albasa a bushe ƙayau, ɓawonta yana ƙara a hannu. Alhaji Garba ya ɗaga guda sama kamar an yi masa haihuwa, 'yan dako suna ihu, wani ya ɗauke ni cak ya juya da ni. Ban taɓa jin daɗi a aiki irin na wannan safiya ba.

A jikin bangon shago kuwa mata goma sha biyu suna tsaye da kwanoninsu, kamar yadda suka saba duk ranar sauke kaya. Aka sauke sahun sama, babu ƙyalle. Aka sauke na biyu, aka sauke har ƙasa, aka share bodi. Direban, Hamadu, Bafulatanin Garwa, sai goge madubi yake ta yi, ya ƙi duban inda suke. Goggo Asabe ta taka har gabansa.

Ta ce, “Hamadu, ina nawa? Mai jan ƙyalle.”

Ya ce, “Goggo, ki tambayi sakatare. Wallahi mutanenku sun kawo har bakin mota, na ce su mayar. Kontira, wato yarjejeniyar da ya rubuta, ta hana, in na ɗauka ni za a kora.”

Ta juyo ta dube ni. Ta kifa kwanonta a ka ta bi hanya, sauran suka bi bayanta. Nan take ihun da ake yi ya koma mini hayaniya.

Wani zai ce me ya hana su saya a hannunmu su kasa? Wanda bai taɓa zama a tebur ba ne zai faɗi haka. Ribar matan nan duk a cikin rashin biyan haya take. A shekarun nan mai saye albasa guda yake nema, wani ma a raba masa biyu. Idan suka sara a farashinmu, sun wuni a rana ke nan a banza. Motocin Haɗaka kuwa sun daina bi ta gonakin albasa tun ranar da muka fita. Ga kuma dokar kasuwa, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali: teburin da ya kwana arba'in babu kaya, mai kula da kasuwa zai ba wani. Da can ba mai damuwa da dokar. Amma lokacin matan ma'aikatan da aka sallama, har da mazan da jiya suke ɗaura lakataye, sun yi layi a ƙofar ofishinsa suna neman ko da rabin tebur.

Bayan azahar na je wurin Sarki na faɗa masa.

Ya ce, “Isiyaku, ni na ɗauka ka bar musu. Wa zai zaci sai an rubuta wannan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na ɓata, ni zan gyara.”

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Na bi manyan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa rabo a sahun sama shi ne Alhaji Bala, ya ce ya riga ya saya a arewa, kayansa na jibge, wa zai ɗauke masa asarar? Ya ce, “Kai ka rubuta, mu muka sa hannu. Bayan wata uku a sake magana.” Wata uku kuwa ya ninka kwana arba'in har da ƙari. Waɗanda tun farko ba sa son fita suka samu abin faɗi, suka ce ga irinta nan, a koma Haɗaka a ba da haƙuri.

Na je PK 14 da kaina, ba don komawa ba, don in roƙi Pa Simo motocinsu su riƙa ɗauko wa matan kawai. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ƙofa a buɗe take, amma ba a shiga da ƙafa ɗaya. Mu dawo gaba ɗaya, mu kama wutsiyar layi, sai komai ya koma yadda yake. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne haka zan faɗa. Na ce, “Na gode, Pa. Ba za mu dawo ba.” Domin komawa ba za ta cika teburin kowa ba, albasar matan ma a wancan layin ruɓewa take yi kamar tamu.

A mako na biyu na sayi buhuna daga rabon wana, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, na aika wa matan, don dai teburansu kada su zauna wayam. Wasu suka karɓa. Wasu suka koma kasa barkono da tumatir suna riƙe wuri. Goggo Asabe kuwa ta sa aka dawo mini da buhun har ƙofar ofis. Na bi ta gida, na durƙusa.

Na ce, “Goggo, ko don teburin. Ki kasa ko kashi biyar ne a gani.”

Ta ce, “Shekara talatin ban taɓa kasa albasar sadaka ba, ɗan Hajara. Ba kyauta nake nema ba. Wurina nake nema a saman mota, wanda na gada wurin uwata. Ka mayar mini da shi, ka ga ko ban fito ba.”

Na san halinta, ko Sarki ya zo ba za ta sauya ba. Na tashi ina lissafin kwanaki.

Abin da ya taimake ni damina ce. Akwai aikin da matan nan suke yi wanda shi ma ba a rubuce yake ba. Duk ranar sauke kaya, bayan sun ɗauki nasu, sai su zauna su zazzage buhunanmu su tsince. Goggo da babban yatsa take danna wuyan albasa, ta san wadda za ta yi wata da wadda ba za ta kwana biyu ba. Masu rauni su saye su da araha su sayar a ranar. Yanzu babu su. Muka sa 'yan dako, su kuwa sai wadda ta riga ta yi baƙi suke gani. A zafin Douala da danshinta, guda ɗaya ta isa ta lalata buhu. Sannan mota ta uku ruwa ya dake ta bayan Ngaundere, tamfol ya yi yoyo, kuma sahun sama ne ya sha. A da matan ne ke ɗaukar wannan kasada ba tare da sun taɓa kai ƙara ba. Wannan karon buhunan Alhaji Bala ne.

Na sa aka kira taro na biyu, ranar ta ashirin da shida da zuwan motar farko. Ban zo da takarda ba. Na sa aka ɗauko buhu guda daga jiƙaƙƙun, na zazzage shi a tsakiyar tabarmi. Dattawa suka toshe hanci da bakin rawani.

Na ce, “Fita daidai ce, ba na janye ko kalma ɗaya. Kun ga albasar da ke iso mana yanzu. Amma akwai layi guda a yarjejeniyar nan da na rubuta da jahilci. Na ga wuri wayam a saman mota na sayar muku, ashe da masu shi. Wannan da kuke toshe wa hanci, shekara nawa iyayenmu mata suna ɗauke mana shi, su kuma tsince mana sauran? Mu da muka bar Haɗaka saboda an ƙi jin kukanmu, mako guda ba mu yi ba muka yi wa na ƙasa da mu abin da aka yi mana.”

Alhaji Bala ya dubi albasarsa a ƙasa, ya ce, “A ba su abinsu. Ni ma na huta.” Aka fashe da dariya, aka ɗaga hannu. A ranar na rubuta shi ya zama sharaɗi na farko, wanda har yanzu kuke karantawa a bangon ofishin nan.

Saura saƙo ya kai arewa. Lokacin babu wayar hannu, wasiƙa ce a aljihun Hamadu. Sai da ya jira katako ya cika, ya haura, aka aika ƙauyuka, aka tattaro buhuna. A hanyar dawowa kuma ƙarfen ƙafar mota ya karye, ya kwana uku a daji. Ni kuwa kullum ina ofishin mai kula da kasuwa ina roƙon ya ƙara mana mako guda. Ya buɗe taga ya nuna mini layin mutane, ya ce, “Waɗannan fa, me zan ce musu?” Ranar ta arba'in da ɗaya na wuce ta ƙofar kasuwa na ga wata mata da ban sani ba tana jera kifi busasshe a teburin Goggo.

Mota ta iso bayan kwana huɗu. Da aka yaye tamfol, ƙyallaye ne ko'ina, kore, shuɗi, rawaya. Mata suka rangaɗa guɗa, kowa ta ja nata. Buhu uku masu jan ƙyalle suka rage a ƙasa, ba mai ɗauka. Aka ce Goggo ta koma wurin 'yarta a unguwar Cité des Palmiers. Na ɗauki hayar ƙaramar mota na kai mata da kaina.

Na same ta a baranda tana tsefe wa jikarta kai. Ta sa aka kwance buhu guda, ta ɗauki albasa ta danna wuyanta, ta ɗauki wata ta danna.

Ta ce, “Ta iso da ranta. Rabona da ganin irin wannan tun kafin a rage albashi. Kun yi daidai da kuka fita, ɗan Hajara.”

Na ce, “Goggo, ki yafe mini.”

Ta ce, “Na yafe tun tuni. Sai dai ba ni da inda zan kasa ta.” Ta kira 'yarta ta ce a raba wa maƙwabta.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Fita daga tarayyar da ke danne ka ba laifi ba ne, kuma kada wani ya tsorata ku da cewa ba za ku iya tsayawa da ƙafarku ba. Mun tsaya, mutanen Gabon sun biyo mu har New Bell kamar yadda na faɗa. Amma tsohon tsari yana ɗauke da mutanen da ba su cikin littafi, kuma idan ka rushe shi su ne suke fara faɗowa. Duk hujjar da aka kawo mini a taro na amsa ta, don masu ita suna da wurin zama a tabarma. Tambaya guda da aka yi mini a bakin ƙofa ita ce ban tsaya na ji ba. Saboda haka kafin ɗayanku ya sa hatimi a kowace takarda, ya je inda ake sauke kaya ya tsaya, ya ga su wa ke jira, ya tambaye su me suke jira.

Na ceci albasar New Bell, wannan ba mai ƙwace mini shi. Goggo Asabe kuwa ta yi shekara tara a duniya bayan haka. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni nawa buhu yake yau, kuma ba ta sake taka kasuwa ba.